Karloff ko Lugosi: Da Wa Za a Fara Kallon Tsofaffin Fina-finan Ban Tsoro na Amurka?

Duk wanda ya shiga YouTube neman tsofaffin fina-finan ban tsoro na Amurka, irin na baƙi da fari, ba zai yi nisa ba sai ya ci karo da fuskoki biyu. Ɗaya doguwa ce mai zurfafan idanu, ta Boris Karloff. Ɗayar kuwa mai kwantaccen gashi ce da kallo mai huda mutum, ta Bela Lugosi. Tun 1931 sunayensu suke tafiya tare, har wasu na ɗauka duk wanda ka kama a cikinsu ɗaya ne. Ba ɗaya ba ne. Mutumin da ke da sa'a biyu ko uku a mako, kuma yana lissafin datarsa, idan ya fara da fim ɗin da bai dace ba zai kashe waya ya ce tsofaffin fina-finan nan duk shirme ne, ya tafi ke nan. Wannan asara ce, domin a cikin tarin fina-finan arha da mutanen biyu suka yi akwai aikin da har yau bai tsufa ba.

Ra'ayina dai shi ne a fara da Karloff. Amma ba kowa wannan shawara za ta yi wa daidai ba, kuma akwai dalilai masu ƙarfi da za su sa wani ya bi ta ƙofar Lugosi.

Sai an san kasuwar da suka yi aiki a cikinta kafin a yi musu adalci. A shekarun 1930, da tattalin arzikin Amurka ya karye, gidajen silima suka fara nuna fim biyu a kan tikiti ɗaya don jawo mutane. Na farko shi ne babba, mai manyan taurari. Na biyu ɗan ƙarami ne, sa'a ɗaya da 'yan mintoci, kuma yawanci kuɗi tsayayye ake biyan kamfanin da ya yi shi, ko silima ta cika ko ba ta cika ba. Saboda haka ribar mai shirya irin wannan fim tana cikin tsuke hannu ne. Ƙananan kamfanoni irin su Monogram da PRC da wannan suka rayu: a ɗauki fim cikin mako guda ko kwana goma, a yi amfani da ɗaki ɗaya a fina-finai da yawa, ba a cika maimaita ɗauka ba ko da ɗan wasa ya yi tuntuɓen harshe. Manyan kamfanoni ma, irin su Universal da Columbia da RKO, kowanne yana da sashensa na fina-finan arha, sai dai su suna da kayan aiki da ma'aikata ƙwararru. Wannan bambanci tsakanin arha a babban gida da arha a ƙaramin gida shi ne ya raba makomar mutanen nan biyu.

Sunan Lugosi na yanka Béla Blaskó. An haife shi a 1882 a garin Lugos, wanda a lokacin yake cikin ƙasar Hangari, yau kuma yana Romaniya, kuma daga sunan garin ya samo sunan da duniya ta san shi da shi. Ya yi wasan dandali a Budapest, ya yi aikin soja a Yaƙin Duniya na Ɗaya, ya bar ƙasarsa a 1919 saboda rawar da ya taka a ƙungiyar 'yan wasa lokacin guguwar siyasar wannan shekara. Ya isa Amurka a ƙarshen 1920 ba ya jin Turanci sosai. A 1927 ya fito a matsayin Dracula, dodo mai shan jinin mutane, a dandalin New York, a 1931 kuma Universal ta ba shi wannan matsayi a fim. Dala 500 aka biya shi a mako, jimilla dala 3,500, a fim ɗin da ya tara wa kamfanin maƙudan kuɗi.

Karloff ɗan Ingila ne, William Henry Pratt, an haife shi a Landan a 1887. Ya tafi Kanada a 1909, ya yi aikin ƙarfi, ya bi ƙananan ƙungiyoyin wasa gari gari, sannan ya shafe sama da shekara goma yana 'yan ƙananan fitowa a Hollywood. Yana da shekara arba'in da 'yan kai darakta James Whale ya zaɓe shi ya fito a dodon fim ɗin Frankenstein, a wannan shekara ta 1931. A farkon fim ɗin ko sunansa ba a rubuta ba, alamar tambaya aka sa. Daga nan sai ya sha gaban Lugosi, bai kuma sake komawa bayansa ba. A The Raven na 1935, Lugosi ne ke ɗauke da fim ɗin daga farko har ƙarshe, amma sunan Karloff aka sa a sama, aka biya shi dala 10,000, Lugosi kuwa 5,000. Da Universal ta dakatar da fina-finan ban tsoro a 1936, Karloff ya ci gaba da samun aiki a wasu nau'o'in fim saboda Turancinsa na haihuwa ne. Lugosi, wanda harshensa na Hangari bai taɓa sakinsa ba, ya zauna kusan babu aiki har sai da aka sake nuna Dracula da Frankenstein a 1938 mutane suka yi cincirindo.

Wasansu ma ba iri ɗaya ba ne. Karloff a hankali yake aiki. Muryarsa mai taushi ce, da ɗan tsamin baki, kuma mafi yawan abin da yake yi da ido da hannu yake yinsa. Ko mugu ya fito sai ka ga inda muguntar ta samo asali, har ka ji tausayinsa ba ka shirya ba. Lugosi kuwa ɗan dandali ne har ƙarshen rayuwarsa. Yana jan kalma, ya tsaya a inda ba ka zata ba, ya ɗaga gira, ya murɗa dogayen yatsunsa. Ba ya ɓuya a cikin halin da aka ba shi, halin ne yake komawa Lugosi. Abin da ya sa nake girmama shi shi ne bai taɓa raina fim ba. Ko labarin ya kai ƙarshen rashin ma'ana, zai shiga da dukkan ƙarfinsa. Ganinsa a wasu fina-finan Monogram kamar ganin dokin hawan salla ne an ɗaura masa amalanke: kayan ba nasa ba ne, amma takunsa bai canza ba.

Wanda ya zaɓi Lugosi, White Zombie na 1932 shi ne mafari. 'Yan'uwa biyu, Victor da Edward Halperin, suka yi shi ba tare da wani babban kamfani ba, cikin kwana 11, da kuɗin da ake ƙiyasta dala 50,000, suna hayar ragowar ɗakunan da Universal ta gina don wasu fina-finai. A Haiti labarin yake. Wani mai gonaki ya ƙyalla ido a kan amaryar wani, sai ya tafi wurin matsafi Legendre, wato Lugosi, don a mallake masa ita. Sauran 'yan wasan ba su da ƙarfi, salon fim marar magana suke yi, kuma sautin kwafin da ya fi yawo yana da shuu. Amma akwai fitowa guda da ta isa dalilin kallon fim ɗin gaba ɗaya. Mai gonar ya shiga masana'antar matsar rake ta Legendre da dare. Mutanen da aka tayar da tsafi, ba rai ba hankali, suna zagaya injin suna tura shi, wasu suna ɗauko kwandunan rake a ka suna zubawa. Babu kiɗa, sai kukan katako da ƙarfe. Ɗaya daga cikinsu ya yi tuntuɓe ya faɗa cikin injin, ba wanda ya tsaya, ba wanda ya waiga. Sannan Legendre ya yaba wa baƙonsa su, cewa ma'aikata ne da ba sa ƙorafin tsawon aiki. An yi fim ɗin ne lokacin da sojojin Amurka ke mamaye da Haiti, mamayar da ta fara a 1915 ta ƙare a 1934, a ƙasar da bayi suka gina da noman rake kafin su ƙwaci 'yancinsu. Baƙar fata ba zai kalli wannan wuri ya ga labarin tsafi kawai ba. Ya kamata dai a sani cewa fim ɗin da idon Bature yake kallon Haiti, mutanen ƙasar kusan ado ne a bayan labarin Turawa.

Bayansa sai The Devil Bat na 1940, daga PRC. Lugosi likita ne mai haɗa turare, wanda yake ganin masu kamfanin da ya yi wa aiki sun yi arziki da basirarsa sun bar shi. Sai ya girmar da jemagu da wutar lantarki, ya koya musu ƙin wani ƙamshi, ya zuba ƙamshin a man shafawa na bayan aski, ya riƙa ba maƙiyansa kyauta yana ce musu su shafa a wuya. Jemagen na roba ne, ko yaro zai gane. Abin kallo shi ne fuskar Lugosi lokacin da mutum ya yi masa sai da safe, shi kuma ya mayar masa da ban kwana irin na wanda ba za a sake gani ba. Fim ne na nishaɗi, ba na firgita ba, kuma yana tafiya da sauri.

Tsakanin 1941 da 1944 Lugosi ya yi wa furodusa Sam Katzman fina-finai tara a Monogram. A nan ne mai kallo yake buƙatar jagora, domin ba su zo daidai ba ko kaɗan. Na farkonsu, Invisible Ghost, shi ne mafi kyau. Lugosi dattijo ne mai kirki wanda matarsa ta gudu ta bar shi, bai san tana ɓoye kusa da gidan ba, kuma duk daren da ya hango ta ta taga sai hankalinsa ya gushe ya yi kisa, da safe bai san ya yi ba. Labarin yana da ramuka, amma darakta Joseph H. Lewis, wanda daga baya ya yi suna, ya san inda zai ajiye kyamara. Har daga cikin murhu yake ɗauko mutane ta bayan harshen wuta. Akwai kuma Clarence Muse, Baƙin Ba'amurke, wanda ya fito a mai kula da gidan. A zamanin da ake sa baƙaƙen 'yan wasa su zazzaro ido su ruga a guje don a yi dariya, Muse ya fito a mutumin da ya fi kowa natsuwa da hankali a gidan. Shi ne kuma mai tuƙa keken doki a farkon White Zombie. The Corpse Vanishes da Bowery at Midnight, duka na 1942, za a iya kallonsu in an riga an saba da shi. The Ape Man na 1943 kuwa, inda aka manna masa gashi a fuska aka sa shi tafiya a duƙe yana kwana a keji da gwaggon biri, a bar shi. Ganin mutum mai shekara sittin da irin wannan baiwa a cikin wannan hali ba daɗi, ciwo ne.

Karloff ma ya shiga Monogram, kuma The Ape na 1940 bai fi na Lugosi ma'ana ba: likita ne ya sa fatar gwaggon biri yana kashe mutane don samo maganin da zai warkar da wata yarinya gurguwa. Bambancin shi ne shi bai daɗe a can ba. A Columbia ya yi jerin fina-finan likitan da bincikensa ya kai shi ga halaka, kuma The Man They Could Not Hang na 1939 ya fi sauran. An rataye shi saboda wani gwaji da 'yan sanda suka katse, na'urar da ya ƙirƙira ta dawo da shi, sai ya gayyato alƙali da waɗanda suka yanke masa hukunci cin abinci a gidansa ya kulle ƙofa. Jawabin da ya yi a kotu kafin hukunci yana nuna abin da Karloff zai iya in an ba shi kalmomi masu nauyi.

Inda ya bar Lugosi nesa shi ne haɗuwarsa da furodusa Val Lewton. RKO ta ɗauki Lewton a 1942 ya riƙa yi mata fina-finan ban tsoro bisa sharuɗɗa uku: kada kuɗin fim ya wuce dala 150,000, kada tsawonsa ya wuce kimanin minti 75, kuma kamfani ne zai ba da sunan fim, shi ya nemo labarin da zai shiga ciki. Lewton mutum ne mai karatu, sai ya mai da talaucin ya zama salo. Tunda ba kuɗin gina dodo, sai ya daina nuna dodo, ya bar duhu da sauti su yi aikin. Cat People na 1942 ya nuna hanyar tana ci. Da aka kawo masa Karloff bai yi murna ba da farko, yana ganin dodannin Universal aka jajibo masa, amma suka fahimci juna, suka yi fim uku: The Body Snatcher da Isle of the Dead a 1945, da Bedlam a 1946.

The Body Snatcher shi ne fim ɗin da nake cewa a fara da shi. Robert Wise ne ya ba da umarni, tun kafin ya zama babban darakta, kuma daga gajeren labarin Robert Louis Stevenson aka samo shi. A Edinburgh ne, 1831, shekara uku bayan shari'ar Burke da Hare, mutanen da suka riƙa kashe talakawa suna sayar wa malaman likitanci gawarwakinsu. Karloff shi ne John Gray, mai keken doki na haya da rana, mai tonon kabari da dare. Henry Daniell kuma shi ne Dokta MacFarlane, babban malamin da ke buƙatar gawa don koyar da ɗalibai, yana ƙyamar Gray amma ba zai iya rabuwa da shi ba, saboda wani tsohon sirri da ke tsakaninsu. Farkon ganinka da Gray yana ɗaukar wata yarinya marar lafiya a hannu ya kai ta ta gaisa da farin dokinsa, cikin tausasawa ta gaske. Mintoci kaɗan bayan nan ka gan shi a maƙabarta da shebur. Karloff bai sa ka zaɓi ɗaya a cikin biyun ba, duka shi ne. Muguntarsa kuma ba ta son kuɗi ba ce kawai. Talaka ne da aka taka shi duk rayuwarsa, abin da ya rage masa na jin shi ma mutum ne shi ne babban likita yana rawar jiki in ya kira shi da sunan da ya tsana a gaban mutane. Ya faɗi haka da bakinsa a wata fitowa, kuma a nan fim ɗin ya tashi daga ban tsoro ya zama labarin girman kai da ƙasƙanci.

Akwai wuri guda a ciki da duk mai sha'awar harkar fim ya kamata ya tsaya a kansa. Wata yarinya mai bara da waƙa tana tafiya a titi da dare, ta shige ƙarƙashin wata ƙofar dutse, duhu ya haɗiye ta, muryarta kawai ake ji. Keken Gray ya bi ta a hankali, shi ma ya shige duhun. Kyamara ba ta motsa ba. Ana jin waƙa da takun doki, sai waƙar ta yanke a tsakiyar kalma. Ba jini, ba ihu, ba a kashe ko sisi ba. Matashin da ke haɗa fim a Kano ko Jos da ɗan abin da ke aljihunsa zai ƙaru da wannan minti ɗaya fiye da fina-finan zamani goma masu dodon kwamfuta.

Wani dalilin farawa da shi: Lugosi ma yana ciki, kuma shi ne fim na takwas kuma na ƙarshe da suka fito tare. Matsayinsa ƙarami ne, Joseph, baran likitan, wanda ya ji abin da bai kamata ya ji ba ya tafi ɗakin Gray neman toshiyar baki. Lugosi ya tsufa, ba shi da cikakkiyar lafiya, maganarsa kaɗan ce. Gray ya zaunar da shi, ya ba shi kuɗi, ya zuba masa abin sha, yana masa waƙa. Ba zan faɗi yadda ta ƙare ba. Amma kada a yanke wa Lugosi hukunci da wannan fitowa, domin ba filinsa aka ba shi ba.

Sauran biyun a taƙaice. Isle of the Dead yana da janar ɗan Girka da annoba ta tsare shi da wasu mutane a tsibiri a 1912, tsoro ya mai da shi mai camfi. Yana jan ƙafa a tsakiya, amma mintocinsa na ƙarshe suna tayar da tsikar jiki. Bedlam labarin gidan mahaukata ne na Landan a 1761, ya fi kusa da fim ɗin tarihi, Turancinsa kuma na da ne, mai wuyar bi.

Ta fuskar fina-finan binciken kisa kuwa, gaskiya ba a nan ɗayansu ya yi fice ba. Karloff ya fito a Mr. Wong, jami'in bincike ɗan China a San Francisco, sau biyar a Monogram tsakanin 1938 da 1940. Bature ne aka yi wa kwalliya ya zama ɗan China, al'adar da ta zama ruwan dare a lokacin, kuma sai a fim na shida aka ba Keye Luke, ɗan asalin China, matsayin. Fina-finan suna da natsuwa amma magana ta yi musu yawa. Lugosi sau da yawa ana sa shi ne don a zarge shi kawai, kamar a The Death Kiss na 1932, inda aka harbe ɗan wasa ana tsakiyar ɗaukar fim. Kowannensu ya fito sau guda gaban Warner Oland, mai fitowa a jami'in bincike Charlie Chan, a jerin fina-finansa, Lugosi a The Black Camel na 1931, Karloff a Charlie Chan at the Opera na 1936, kuma na Karloff ya fi armashi. Wanda bincike zalla yake so, ya nemi Basil Rathbone da Nigel Bruce a fina-finan Sherlock Holmes 14 da suka yi tsakanin 1939 da 1946, ya fara da The Scarlet Claw na 1944, wanda ya haɗa bincike da hazo da tsoro.

To me zai sa wani ya ƙi shawarata ya fara da Lugosi? Samuwa ce babba. White Zombie, The Devil Bat, Invisible Ghost da wasu na Monogram sun fita daga haƙƙin mallaka a Amurka, shi ya sa suke birjik a YouTube da Internet Archive, cikakku, kyauta, kuma sa'a ɗaya ta baƙi da fari ba ta cin data sosai. Fina-finan Lewton kuwa har yanzu mallakar Warner Bros. ne, na Columbia da Universal ma suna da masu su, sai an saya ko an yi haya. Na Karloff da ke samuwa kyauta su ne mafi rauninsa, The Ape da Mr. Wong. Wato in kyauta kawai za ka kalla, Lugosi ya fi Karloff, ba ma kusa ba. Sai dai a duba kwafi biyu ko uku kafin a zauna, domin fim ɗin da ba mai shi kowa yana ɗora nasa, wani ya dushe har ba a gane fuska, wani an yanke shi.

Na biyu harshe ne. Lugosi a hankali yake magana, kalma kalma, labaransa kuma ko an rasa rabin maganar za a bi su da ido. The Body Snatcher kuwa daɗinsa a cikin zance yake, da habaici da gugar zana tsakanin Gray da likita, ga lafazin mutanen Sikotlan a bakin wasu. Wanda Turancinsa bai nuna ba ya tabbata kwafinsa yana da rubutu a ƙasa, in ba haka ba rabin fim ɗin zai wuce shi.

Na uku shi ne da wa za a kalla. The Devil Bat ana iya kallonsa da 'yan'uwa a falo ana raha. Na Lewton suna son shiru da dare da mutum ɗaya ko biyu.

Wanda yake son ganin su biyun a fili guda, kowa da ƙarfinsa, The Black Cat na 1934 zai nema, na darakta Edgar G. Ulmer, wanda Universal ta yi da abin da bai kai dala 100,000 ba ya kuma zama fim ɗinta mafi kawo kuɗi a shekarar. Karloff magini ne da ya ci amanar sojojinsa a yaƙi sannan ya gina gida a kan inda suka mutu. Lugosi likita ne da ya dawo bayan shekara 15 a kurkuku yana neman matarsa da 'yarsa. A nan Lugosi ne abin tausayi, kuma lokacin da yake tsaye gaban gawar matarsa za ka ga ɗan wasan da Hollywood ta yi asararsa. Amma fim ɗin yana da bautar shaiɗan a fili da azabtarwa a ƙarshe, ba na yara ba ne, kuma akwai manyan da ba zai yi musu ba. Son of Frankenstein na 1939 ba na arha ba ne sosai, sai dai a can ne Lugosi, a matsayin Ygor mai karyayyen wuya, ya ƙwace fim daga hannun Karloff da Rathbone baki ɗaya. Shi ne amsar duk wanda ya ce Dracula kaɗai ya iya.

Fina-finansu na ƙarshe kada a taɓa su da wuri. Lugosi ya kamu da dogaro da allurar kashe raɗaɗi saboda ciwon jijiyar ƙafa, ya kai kansa asibiti a 1955, ya mutu a 1956 yana da shekara 73, aka binne shi da alkyabbar Dracula. Abin da ya yi da darakta Ed Wood a waɗannan shekaru ya shahara ne saboda ana yi masa dariya, kuma wanda ya fara da su zai ɗauka iyakar mutumin ke nan. Karloff ya rayu har 1969. Shekara guda kafin mutuwarsa aka fitar da Targets, fim ɗin farko na Peter Bogdanovich, wanda ya samu ne saboda furodusa Roger Corman yana bin Karloff aikin kwana biyu, ya ce wa matashin daraktan ya yi amfani da su tare da wasu guntaye daga The Terror na 1963. Karloff ya fito a tsohon ɗan wasan ban tsoro da ke son ajiye aiki, yana cewa irin tsoronsa ya tsufa tunda jarida kullum tana ɗauke da abin da ya fi shi, a daidai lokacin da wani matashi mai tsabtar fuska yake sayen harsasai yana nufar silimar da zai halarta. Fim ɗin mai kala ne, na arha ne shi ma, kuma sai wanda ya riga ya ga Gray da dodon Frankenstein da likitan da aka rataye zai gane abin da dattijon yake ajiyewa. A bar shi sai an ga aƙalla uku ko huɗu daga cikin na baya.